Daga Duban Wuya Zuwa Awon Jini: Gwajin Maƙoƙo a Ƙasar Gaya

Tayirod wani ɗan nama ne da ke gaban wuya, ƙasa kaɗan da maƙogwaro, ɓari biyu dama da hagu, da siririn nama da ya haɗa su. A jikin baligi mai lafiya nauyinsa bai cika wuce giram 15 zuwa 25 ba. Ido ba ya ganinsa, hannu ma da ƙyar yake jinsa. Aikinsa shi ne tsotsar aidin daga jini, ya sarrafa shi ya zama sinadarai biyu da ake kira T4 da T3. Su ne ke ƙayyade saurin da jiki ke ƙona abinci, don haka suna da hannu a bugun zuciya, ɗumin jiki, motsin hanji, jinin haila, girman yaro da ginuwar ƙwaƙwalwarsa tun yana ciki. Idan naman ya kumbura har ya fito fili, shi ne maƙoƙo. Shekaru aru-aru kumburin kaɗai aka sani, tunda shi ido ke iya gani. Abin da gwajin jini ya kawo shi ne raba tambayoyi biyu da a da ake ɗauka ɗaya ce: ko wuya ya kumbura, da kuma ko naman yana aikinsa daidai.

Ƙasar Gaya, a ƙuryar kudancin jihar Dosso, tana da dalilan da ke sa maƙoƙo ya zauna a wuri. Garin yana bakin kogin Kwara, gadar da aka gina a 1958 ta haɗa shi da Malanville ta Benin, Kamba ta jihar Kebbi kuma ba nisa. Nan ne ruwan sama ya fi yawa a duk Nijar, wajen milimita 800 a shekara, kuma ruwa da ambaliya su ne ke wanke aidin daga ƙasa su tafi da shi. Hatsin da ya fito daga irin wannan ƙasa ba ya ɗauke da aidin mai yawa. Teku, wadda ita ce rumbun wannan sinadari, tana fiye da kilomita 700 daga nan ta hanyar Kwatano, kifin kogi kuwa bai kai kifin teku aidin ba ko kusa. Sannan akwai abincin kansa. Rogon da ba a jiƙa ko shanya shi yadda ya kamata ba yana barin wani sinadari a jini da ke hana tayirod kama ɗan aidin ɗin da ya samu. Gero ma, kamar yadda binciken da aka yi a yammacin Sudan ya nuna, yana da abin da ke rage wa naman ƙarfi idan shi ne cimar yau da gobe kuma aidin ya yi ƙaranci. Ba laifin gero ba ne ko rogo; inda aidin ya wadata, ba su cika yin wata illa ba.

Gishiri ma na gida ne. A kwarin Dallol Foga, wanda ke gangarowa ya haɗu da Dallol Mawri kafin su kai kogi, an daɗe ana dafa gishiri. Da rani ake kankare ƙasa mai gishiri, a zuba ta cikin kwanduna, a kwarara ruwa, a tari abin da ya tsiyaye a dafa shi har ya daskare. Heinrich Barth ya ratsa kwarin a 1853 ya ga masu wannan sana'a, kuma gishirin Foga ya yi suna a kasuwannin Kabi da Dendi da ƙasashen kudu. Dukiya ce ta gaske, ta ciyar da garuruwa. Sai dai ba a ƙara masa aidin a yadda aka gada, saboda haka gidan da ya dogara da shi kaɗai ba ya samun kariyar da gishirin masana'anta mai aidin ke bayarwa.

A da, duba mai maƙoƙo aikin ido ne da yatsu. A gida ana kai shi wurin wanzami ya yi tsaga ko sakiya, ko wurin mai magani a ba da abin shafawa da na sha, mace kuwa ta ja mayafi ta rufe wuya. A ɗakin shan magani, majo kan tsaya bayan mara lafiya ya ɗora yatsu a gaban wuyansa, ya ba shi ruwa ya kurɓa. Idan ƙullutun ya hau sama ya sauko tare da haɗiya, na tayirod ne. Idan bai motsa ba, wata aba ce, kamar kaluluwa. Wannan dabara tana nan har yau, kuma ba abin rainawa ba ce. A kanta Hukumar Lafiya ta Duniya ta gina matakanta uku: babu kumburi, kumburin da hannu ke ji amma ido ba ya gani, da wanda ake hangowa ko wuya yana miƙe yadda ya saba. Da ita aka bi makarantu aka ƙirga yara masu maƙoƙo a ƙasashen Sahel. Amma iyakarta ke nan. Mace na iya ɗaukar ƙaton maƙoƙo shekara talatin sinadaran jininta suna daidai, wata kuma wuyanta sumul amma naman ya daina aiki ko ya zarce ƙa'ida.

Cututtukan aikin tayirod iri biyu ne, kuma kowanne ya iya ɓad da kama. Idan naman ya yi sanyi, mutum kan ji kasala da barci, jin sanyi ko ana zafi, bushewar fata, taurin bayan gida, kumburin fuska, kaurin murya, mantuwa, rikicewar haila, ɓari ko rashin ɗaukar ciki. Idan ya yi zafi, sai rama duk da yawan ci, faɗuwar gaba, rawar hannu, gumi, rashin barci, saurin fushi, wani lokaci idanu su firfito. Duk wanda ya san yadda ake fassara ciwo a ƙasar Hausa da Dendi zai ga inda matsalar take. Kasala ana ɗora ta kan shawara ko ƙarancin jini. Rama tana jawo zargin tarin fuka ko ciwon sukari ko wanda ya fi su nauyi a baki. Faɗuwar gaba da rashin barci kuwa sau da yawa iska ake cewa, ko sammu. Matar da ta yi ta ɓari ana iya yi mata kishiya kafin kowa ya yi tunanin wuyanta. Mata sun fi maza kamuwa da waɗannan cututtuka ninki da dama, shi ya sa kuskuren ganewa ya fi faɗawa a kansu.

Likitocin Turai sun fara neman ma'auni tun ƙarshen ƙarni na 19. An gano aidin a 1811, Eugen Baumann ya same shi cikin naman tayirod a 1895, Edward Kendall ya ware T4 a Amurka a 1914, T3 kuwa sai a 1952 Jack Gross da Rosalind Pitt-Rivers suka gano shi a Landan. Gwajin farko da ya yaɗu ba na jini ba ne. Ana kwantar da mutum da safe bai ci komai ba, a sa masa bututu a baki a auna yawan iskar da jikinsa ke sha yana hutawa. Mai zafin tayirod yana sha da yawa, mai sanyi kaɗan. Tsoro, zazzaɓi ko ciki duk suna ɓata sakamakon. Daga shekarun 1940 aka koma auna aidin ɗin da ke maƙale da furotin na jini, a matsayin alamar yawan T4. Wannan ya fi kusa da gaskiya, amma ɗigon aidin na wanke rauni ko maganin tari mai aidin ya isa ya hargitsa lissafin. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka yi don asibitin karkara.

Babban juyi ya zo ne daga New York. A 1959 da 1960 Rosalyn Yalow da Solomon Berson suka fito da dabarar da ake kira RIA, wadda ta jawo wa Yalow kyautar Nobel a 1977. Tushenta shi ne antibodi, wato furotin na garkuwar jiki da ke kama abu guda takamaimai ya ƙyale sauran. Ana zuba antibodi ƙayyadadde a bututu, a ƙara sinadarin da aka yi wa alama da aidin mai fitar da hasken nukiliya, sannan a zuba ruwan jinin mara lafiya. Na jinin da mai alamar sai su yi ta rububin gurbi. In na jinin ya yi yawa, zai ture mai alamar, na'urar ƙirga haske ta nuna kaɗan. In ya yi ƙaranci, ta nuna da yawa. Ta haka aka iya auna abin da yawansa a jini bai kai a kwatanta da komai na yau da kullum ba. A 1965 aka yi amfani da dabarar wajen auna wani sinadari da ake kira TSH, a farkon shekarun 1970 kuma T4 da T3.

A Nijar, wannan fasaha ta sami mazauni a Cibiyar Rediyo-Isotop ta Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai, inda sashen likitancin nukiliya ya daɗe yana auna sinadaran tayirod da tallafin hukumar makamashin nukiliya ta duniya. Ga mutumin Gaya wannan na nufin tafiyar kilomita wajen 300: kusan 150 zuwa Dosso, sauran zuwa Yamai, da kuɗin mota da masauki. RIA kuma tana da nata sharuɗɗa. Aidin mai alamar yana rasa rabin ƙarfinsa duk kwana 60, don haka ba a iya jibge kayan aikin a ajiye. Ana tara jinin mutane da yawa a yi su lokaci guda don kada a yi asara, wanda ke nufin jiran kwanaki ko makonni kafin takarda ta fito. Sharar ma sai an adana ta ta hanya ta musamman. Duk da haka, a karon farko likita a ƙasar ya iya cewa da hujja wannan maƙoƙo na ƙarancin aidin ne kawai, wancan kuma yana tare da cutar da ke buƙatar magani yau.

Cikin duk abin da ake aunawa, TSH ne ya zama jagora, alhali ba tayirod ke yin sa ba. Wani ɗan nama ne a gindin ƙwaƙwalwa, fituwitari, wanda nauyinsa bai kai giram ɗaya ba, yake sakinsa don ya umarci tayirod ya yi aiki. Alaƙarsu irin ta mai gona ce da ɗan ƙodago: in aiki ya yi sanyi mai gona ya ɗaga murya, in aiki ya wuce kima ya yi shiru. Saboda haka TSH mai yawa alama ce ta tayirod mai sanyi, TSH da ya faɗi ƙasa kuma alama ce ta mai zafi. Wannan juyin yana rikita marasa lafiya da yawa, su ga lamba ta hau su ɗauka naman ne ya yi ƙarfi. Abin da ya ba TSH daraja shi ne ƙaramin canji a T4 yana jawo babban canji a gare shi. In T4 ya ragu da rabi, TSH na iya ninkawa kusan sau ɗari. Don haka yakan nuna matsala tun T4 bai fita daga iyakarsa ba.

A yawancin ɗakunan gwaji, TSH na baligi mai lafiya yana tsakanin 0.4 da 4.0 a ma'aunin mIU/L. RIA ta farko ba ta iya ganin abin da ya yi ƙasa da 1.0 sosai, ke nan tana kama mai sanyin tayirod amma ba ta iya bambanta mai zafi da lafiyayye. Bayan Georges Köhler da César Milstein sun gano yadda ake samar da antibodi iri ɗaya tak a 1975, sai aka ƙirƙiro gwajin da ke kama TSH da antibodi biyu, ɗaya ta kowane gefe. A tsakiyar shekarun 1980 aka kai ga ganin 0.1, daga baya 0.01 zuwa 0.02. Daga nan gwaji guda ya isa a fara da shi ko wane ɓangare ake zargi. A lokaci guda aka maye gurbin alamar nukiliya da sinadaran da ke canza launi, kamar a dabarar ELISA ta 1971, ko masu ƙyalli da ba da haske. Wannan ne ya fitar da gwajin daga cibiyar nukiliya ya kai shi labo na gari.

Awon T4 ma ya canza. Fiye da kashi 99 cikin 100 na T4 da ke yawo a jini yana ɗaure da furotin, ba ya aiki. Ɗan abin da ya rage a sake, wajen kashi 0.03 cikin 100, shi ne ke shiga gaɓoɓi. Tsofaffin gwaje-gwaje jimilla suke aunawa. Mai ciki ko mai shan ƙwayar tazarar haihuwa mai estrojin furotin ɗinta yana ƙaruwa, jimillar ta hau, a ɗauka tana da zafin tayirod alhali lafiyarta lau. Mai tamowa ko ciwon hanta ko na ƙoda kuwa furotin ɗinsa ya ragu, jimillar ta faɗi. A yankin da mace kan shafe shekaru masu yawa tsakanin ciki da goyo, wannan ba ƙaramin kuskure ba ne, shi ya sa aka koma auna sakakken T4.

Yau aikin kansa ba shi da wuya. Ana ɗaure damtse a ɗebi jini mililita 3 zuwa 5 a bututu mai jan murfi ko rawaya, a bar shi ya daskare kamar rabin awa, a sa a na'urar juyawa minti goma. Jajayen ƙwayoyi su kwanta a ƙasa, ruwa mai launin rawaya-rawaya ya taso sama, shi ake aunawa. Ba dole sai mutum ya zo da azumi ba. Injin VIDAS na kamfanin bioMérieux, wanda ya yaɗu a ɗakunan gwajin ƙasashe masu amfani da Faransanci, yana karɓar gwaji ɗaya-ɗaya a cikin siririn faranti mai ramuka, ya ba da lamba cikin ƙasa da awa guda. Manyan asibitoci suna da injuna irin Cobas na Roche da ke yin ɗaruruwa a rana. Akwai kuma ƙananan na'urori irin Finecare da ichroma, waɗanda mutum zai ɗauka da hannu, suna karanta TSH cikin kamar minti 15. Ba su kai manyan daidaito ba, musamman a ƙananan lambobi, amma su ne suka fi kusa da isa asibitin gunduma. Ruwan jinin da aka ware yana jure kwanaki a firji, don haka a ƙa'ida jinin ne ya kamata ya yi tafiya cikin akwatin sanyi, ba mara lafiya ba.

Karanta takardar yana bin tsari. TSH sama, sakakken T4 ƙasa: sanyin tayirod ne bayyananne, maganinsa levotiroksin. TSH ƙasa ƙwarai, T4 ko T3 sama: zafi ne, ana ba da karbimazol, a haɗa da furofaranolol don kwantar da zuciya, wani lokaci a kai ga tiyata ko aidin na nukiliya. TSH ya ɗan kauce amma T4 daidai: matsala ce da ba ta fito fili ba, kuma hikima ita ce a maimaita bayan wata biyu ko uku kafin a ɗora mutum kan maganin da zai yi ta sha. Idan ana son sanin musabbabi, akwai gwajin antibodin da jiki ke yi wa naman kansa. Anti-TPO yana nuna cutar da Hakaru Hashimoto ya bayyana a Japan a 1912, TRAb kuma yana nuna wadda takardun Najeriya ke kira da sunan Graves, na Nijar da Benin da sunan Basedow. Ƙullutu mai tauri ko mai saurin girma kuwa jini ba ya wanke shi daga zargin daji. Wannan aikin hoton eko ne da allurar ɗibar nama.

Lamba tana iya yaudara, kuma wasu hanyoyin yaudarar sun fi yawa a wuri irin Gaya. Mai fama da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, taifot, tarin fuka ko yunwa, T3 ɗinsa yakan faɗi, TSH ya yi ta hawa da sauka, ba tare da tayirod na da ciwo ba. Gwajin da aka yi masa a gadon asibiti ba abin dogaro ba ne sai ya warke. A watanni ukun farko na ciki TSH yakan sauka da kansa. Ƙwayoyin bayotin da ake sayarwa don gashi da fata suna rikita wasu injuna har su nuna zafin tayirod na ƙarya. Wanda ya fi kowanne haɗari shi ne na matar da ta zubar da jini mai yawa wajen haihuwa har fituwitarinta ya lalace, abin da Harold Sheehan ya bayyana a 1937. Nono ba ya kawowa, haila ba ta dawowa, gashin hammata ya zube, jiki ya mutu. A wurinta T4 ya faɗi amma TSH ba ya hawa, tunda mai sakinsa ne ya samu rauni. Duk wanda ya auna TSH kaɗai zai ce lafiyarta ƙalau. Inda haihuwar gida da zubar jini suka yawaita, wannan ya isa dalilin da zai sa likita ya saurari labarin mace kafin ya rubuta wane analiz za a yi.

Yayin da gwajin ke sauyawa, cutar ma ta sauya. Suwizalan ta fara sa aidin a gishiri a 1922, Amurka a 1924. Bayan taron ƙoli kan yara na Majalisar Ɗinkin Duniya a 1990, Najeriya ta wajabta shi a 1993, Nijar ma ta bi a tsakiyar shekarun 1990. Baligi yana buƙatar maikurogiram 150 na aidin a rana, mai ciki da mai shayarwa 250. Ana duba gishiri da ɗigon wani ruwa: in akwai aidin, wurin ya rine ya koma shuɗi ko shunayya, in babu ya zauna fari. Yanayin al'umma kuwa da fitsarin ƴan makaranta ake auna shi, ba da jini ba, domin mafi yawan aidin da aka ci ta nan yake fita. Manya-manyan maƙoƙo sun ragu a tsakanin matasa a ko'ina aka yi wannan aiki da gaske. Amma a garin kan iyaka, gishiri yana shigowa ta hanyoyi da yawa, a buhu da tiya, wani da aidin wani babu, kuma wanda ke da shi ma yana rasa shi in ya daɗe a rana ko a danshi. Akwai kuma wani abin da ya biyo baya. Dattijon da ya daɗe da maƙoƙo mai ƙulle-ƙulle, in aidin ya zo masa kwatsam da yawa, naman na iya zarcewa ya yi zafi. An ga haka a Zimbabuwe da gabashin Kwango a shekarun 1990. Wato gishiri mai aidin bai kawar da buƙatar gwajin jini ba, ƙara ta ya yi.

Zaman kan iyaka yana da nasa tasiri a kan takardar sakamako. Mutumin Gaya na iya bin hanyar hukuma, daga asibitin gunduma zuwa babban asibitin Dosso zuwa Yamai, ko ya bi dangi da kasuwa ya nufi Birnin Kebbi, asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ko Parakou ta Benin. Sai ya dawo da takardu biyu, ɗaya da Faransanci ɗaya da Ingilishi. Wannan ta rubuta T4L, waccan FT4, abu ɗaya suke nufi. Amma ma'aunin na iya bambanta: 1.2 a ng/dL daidai yake da kusan 15 a pmol/L, wanda bai lura ba zai zaci ciwo ya ninka. Kowane inji kuma yana da nasa iyakoki, waɗanda ake bugawa a gefen lambar, kuma galibi an samo su ne daga mutanen wasu ƙasashe. Shi ya sa ya fi kyau a riƙa bibiyar mutum a labo ɗaya.

Abin da ya faru bayan juyin mulkin Yuli 2023 ya nuna yadda wannan ci gaba yake rataye da abubuwan da ba na likitanci ba. An rufe gadar Malanville, kayan da ke bi ta Kwatano suka tsaya, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar na tsawon watanni. Sinadaran gwajin tayirod daga waje suke zuwa, suna buƙatar sanyin digiri 2 zuwa 8, kuma suna da ranar lalacewa. Kwalin da ya kwana a zafi yana iya ba da lamba mai kyan gani wadda ba gaskiya ba ce, kuma ba mai ganewa sai in ana gwada injin da jinin gwaji wanda aka riga aka san adadinsa. Wannan binciken na yau da kullum yana cin kuɗi, shi ne kuma abin da aka fi saurin tsallakewa in kaya sun yi wuya. Labo mai sola da firji mai aiki da ma'aikacin da ke rubuta zafin firjin safe da yamma ya fi sabon inji da babu waɗannan amfani.

Sannan gwajin tayirod ba na sau ɗaya ba ne. T4 yana ɗaukar kamar mako guda kafin rabinsa ya bar jini, don haka bayan an fara levotiroksin ko an canza yawansa sai an jira mako 6 zuwa 8 kafin a sake auna TSH. In ya daidaita, sau ɗaya ko biyu a shekara. Ana shan ƙwayar ciki babu komai, rabin awa zuwa awa kafin kari, kuma a nisanta ta da ƙwayar ƙarin jini ta masu ciki da awa huɗu, domin ƙarfe yana hana ta shiga jiki. Mai ciki tana buƙatar ƙari tun makonnin farko, saboda ɗan tayi da T4 na uwarsa yake gina ƙwaƙwalwa kafin nasa naman ya fara aiki. A nan ne nisa da tsada suke yin ɓarnarsu. Iyali na iya sayar da akuya a yi tafiyar farko, amma ta biyu da ta uku sukan gagara, a ci gaba da sayen magani da tsohuwar ordonas shekara da shekaru ba a san ko ya yi yawa ko kaɗan ba.

Saura gwajin jarirai, wanda Jean Dussault ya fara a Kebek ta Kanada a farkon shekarun 1970. A duniya, jariri ɗaya cikin 2,000 zuwa 4,000 ana haihuwarsa da tayirod da ba ya aiki, kuma adadin kan fi haka inda aidin ya yi ƙaranci. A kwanakin farko ba a ganin komai. Kafin alamu su bayyana, wato shawara da ta ƙi tafiya, yawan barci, kasalar tsotso, babban harshe, cibiya da ta turo da kuka mai kauri, ƙwaƙwalwa ta riga ta fara cutuwa, kuma abin da aka rasa ba ya dawowa. Idan aka fara magani cikin mako biyun farko, yaro yana girma kamar kowa. Ana soke diddigen jariri tsakanin kwana na biyu da na biyar, kafin ranar suna ke nan, a ɗiga jini a kan takarda ta musamman a bar shi ya bushe. Ba a yi a ranar haihuwa, domin TSH yakan yi tsalle da kansa a sa'o'in farko. Busasshen ɗigon ba ya buƙatar firji, ambulan ta isa ta kai shi Dosso ko Yamai. Har yanzu gwajin bai zama na kowane jariri ba a Nijar, Najeriya ko Benin. Yana kuma da amfani na biyu: a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, idan fiye da kashi 3 cikin 100 na jariran wani yanki suka nuna TSH sama da 5, alama ce iyayensu mata ba sa samun isasshen aidin, kuma sai a koma a binciki gishirin da ake sayarwa a kasuwannin yankin.